Yayana na ciwon hanta, an ce ni na jefe shi

Malam, ka taimake ni da shawara. Shekara shida ke nan rabona da garinmu Babura. Dako nake yi a tashar jiragen ruwa ta Ikko, muna sauke siminti, jiki duk ya gaji. Da fushi na baro gida. Da mahaifinmu ya rasu, yayana Muhammadu Lawal ya riƙe gonar gado, ya ce a bari fari ya wuce a raba. Fari ya wuce, rabo shiru. Amma in faɗi gaskiya, shi ya ci da mahaifiyarmu har ta koma ga Allah, ni ko mudu ɗaya ban kai ba.

To, Sama'ilu direban motar shanu, ɗan garinmu, ya zo mini da labari. Yaya ya rame, idonsa ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura ya yi tauri ta dama. Wanzami ya yi tsaga, an yi sakiya, ba sauƙi. A asibiti a Kano aka ce ciwon daji ne a hanta. Wai likita ya tambayi 'yan gida ko suna cin gyadar da ta yi fumfuna, suka ji haushi, suka ɗauke shi suka koma gida. Wa bai ci ba? Mai kyau ta tafi sikeli a sayar, wadda ɗan kamasho mai saye ya ƙi ita ce miyarmu da ƙulinmu tun muna yara.

Abin da ya fi ci mini rai, Adda Fatu, babbarmu, tana cewa ni na jefe shi saboda gona. Na riƙe shi a zuciya, ban musa ba, amma ban taɓa taka ƙofar boka ba. In na je, da wannan idon za a dube ni, a nan kuma a ba wani gurbina. In na aika kuɗi, a ce laifina nake wankewa. Abin da na tara naira ɗari da tamanin ne, sai rediyo.

Baƙo a Ikko

Ɗan'uwa, Allah ya ba yayanka sauƙi. Sai da na tambayi wani likita kafin in amsa maka. Ya ce wannan ciwo ba jifa ba ne. Yakan biyo bayan tsohon ciwon hanta da ya daɗe kwance a jiki, wanda kan shiga jini ta askar da aka yi wa mutane da yawa aiki da ita, ko tun a haihuwa. Gyada mai fumfuna kuma tana ƙara cin hantar. Likitan Kano ba raina ku ya yi ba.

Ba zan ɓoye maka ba, in ciki ya kai haka warkewa ta yi wuya. Abin yi shi ne a daina tsaga da sakiya, a koma asibiti a karɓo maganin rage zafi.

Kana da haƙƙi a gonar, amma kada ka ta da zancen sai in shi ya tayar. Adda Fatu kuwa ƙaninta take kallo yana ƙarewa, ta rasa wanda za ta kama. Kada ka biye mata. Nemi izini wurin shugaban aikinku, in ya hana ka tafi abinka, dako ba ya ƙarewa a Ikko. In ka isa, ka sa a zubar da baƙar gyada saboda 'ya'yansa, kai ma likita ya duba ka. Ka hau mota cikin makon nan, kada ka jira albashi. Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka same shi yana gane mutane.