Gishirin Da Aka Hana Ni

Zuwa ga Babban Likita, shugaban asibitin da ya fara duba ni.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka. Ni manomin shinkafa ne daga Morai, cikin waɗanda aka sake raba wa filaye bayan an tare ruwa a Bakolori. Daga kwance nake wagga takarda, don yanzu ko zama ba ni iyawa.

Na farko. Da babban yatsan ƙafata ya kumbura, ya yi zafin da ko zane ba ni bari ya taɓa shi, kowa cewa ya yi sanyi ne, tunda cikin ruwa muke wuni. Na zo wurinku, aka ɗebi jinina. Wani yaronku, ƙaramin likita, ya duba, ya ce gishiri ya yi yawa a jinin, in kiyaye. Iyakar bayanin ke nan, ya kira na baya.

Na biyu. Matata Hajara ta ji an ce gishiri, ta ɗauke shi daga tukunya ƙaf. Shekaru muna lasar miya lami, har yara. Da ta ga ina ramewa, baiwar Allah ta dage da abin da duk ƙasarmu ake ba majinyaci: hanta, ƙoda, romon kayan ciki. Ranar kasuwar Damri ba ta taɓa wucewa ba ta aika an sayo ba. Ni ko in sha, in bi da ƙwayoyin kashe ciwo, in koma gona.

Na uku. Bana fuskata ta kumbura, fitsari ya ragu, aka kai ni Sakkwato. Can wata likita ta zauna ta yi mani bayani da Hausa. Ashe yurik asid sunan abin, kuma ba na tukunya ba ne. Datti ne da jiki ke fitarwa, ƙoda ke tace shi, kayan ciki kuma ƙara shi suke. In ya taru sai ya matse ƙananan hanyoyin jinin ƙoda, yadda laka ke cike mana kwatar ban-ruwa, jini ya kasa isa, ƙodar ta yi ta mutuwa ba a sani ba. Nawa duka biyun sun kusa ƙarewa. Haba ranka ya daɗe! Wanga bayani ko shan ruwa bai kai tsawo ba. Mi ya hana a yi mani shi tun farko?

Ni na fid da rai, na bar wa Allah. Abin da ke ci na shi ne Hajara. Tun da 'yan'uwana suka ji an ce abinci ne, suka fara raɗa cewa ita ta ba ni wani abu. Yayana ya daina amsa gaisuwarta. Na rantse masu har na gaji, sun ce ciwo ne ke magana.

Roƙona biyu. Ku hana yaranku kiran wanga abu gishiri su bar mutum ba bayani. Sannan ku aiko mutum guda da rigar asibiti, ya tsaya zauren gidanmu ya faɗa wa dangina cewa bakinku ne ya gaza, hannun matar nan tsarkakakke ne. Ku hanzarta ina da sauran numfashi, don in aka rufe ni ba ta da mai shaida.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da kwanciya irin tawa.

Wassalam.