Alhamis ɗin Rifkatu

Litinin, 16 ga Yuni

Alhaji Garba, shugaban ofishinmu, ya ɗora min aiki yau. Wai in nemo wa ofis sabuwar kalanda ta bai-ɗaya, a saka a shafinmu na cikin gida, wanda ma'aikata kaɗai ke shiga. Ta yanzu ta tsufa. Ba ta buɗuwa a waya, in mutum biyu suka yi rubutu lokaci guda sai ta haɗiye na ɗaya. Makon jiya motar kai magani guda aka yi wa masu shagunan Hotoro da na Daurawa alƙawarinta a safiya ɗaya. Alhaji ya yi faɗa har hularsa ta karkace.

Sharaɗinsa: duk mai fita a lokacin aiki ya rubuta inda za shi da dalili, kowa ya gani. Wanda bai rubuta ba, takardar gargaɗi. Wanda ya maimaita, ya nemi wani wurin.

Ni kam na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, don ni na kai masa ƙarar Rifkatu. Ɗakinmu ɗaya, ni ina kan kwamfutoci, ita tana karɓar odar masu shaguna. Tun kafin Babbar Sallah ta tsiri ɓacewa duk safiyar Alhamis, sai wajen azahar ta shigo sumui-sumui. Wayar teburinta kuwa ni ke ɗauka. In na tambaya ta ce uzuri. Uzuri duk Alhamis, sai ka ce kasuwar ƙauye.

Laraba, 18 ga Yuni

Na tace kalandojin, sun koma biyu. Sunayensu na karya harshe, don haka da launinsu nake kiransu.

Shuɗiyar kyakkyawa ce, ga tsari. Ba ta barin mutum ya rufe gurbi sai ya cike dalili, kuma nan take ta aika wa kowa saƙo a waya. Koriyar ba ta da ado ko kaɗan, amma ko sabis ya yi ƙasa tana buɗewa, tana kuma nuna kwanan watan Musulunci a gefe. Aibinta ɗaya: mutum na iya sa "ba ya nan" kawai ya yi tafiyarsa. Me aka yi kenan?

Abdulmalik ya ce tun da ya aure ni bai taɓa ganin na yi wa wani abu kallon ƙauna kamar shuɗiyar nan ba. Na ce ya ci tuwonsa.

Alhamis, 19 ga Yuni

Rifkatu ba ta zo ba sai bayan azahar. Ta ajiye min gasasshiyar masara a tebur, da ɗuminta. Na cinye, amma ban huce ba.

Litinin, 23 ga Yuni

An fara gwajin shuɗiya. Mutanenmu dai sai Allah. Wani ya rubuta "masallaci", wani "sayen kati", direba ya rubuta "zagayawa". Wayoyi suka wuni suna ƙara kamar gidan biki. Na bi su tebur-tebur ina cewa ba irin wannan fitar ake nufi ba.

Rifkatu ta zauna har aka gama bayani. Tambaya ɗaya ta yi min bayan an watse, wai dalilin nan kowa da kowa ne zai gani? Na ce har mai gadi in yana da waya. Na faɗa da ɗan gatse, na sani.

Laraba, 25 ga Yuni

Yau na yi dariya har cikina ya ƙulle, sai daga baya abin ya daina ba ni dariya sosai.

Junaid, na sashen talla, haƙori ke damunsa. Da safe ya bi doka, ya rubuta "asibiti", ya tafi. Saƙo ya shiga wayar kowa. Aka kira shi, wayarsa a kashe, yana kan kujerar likita baki buɗe. Kafin azahar labari ya zama an kwantar da shi. Kafin la'asar wani ya ji ƙishin-ƙishin ɗin tiyata. Mu kuwa ba a jin ɗan'uwa na asibiti a zauna. Aka sayo lemo da ayaba da kankana, aka cika motar kai magani da mutane, aka nufi gidansu a Darmanawa dubiya. Har da ni a ciki.

Muka tarar da shi a ƙofar gida da auduga a baki, yana kallon ƙwallo a waya. Innarsa da ta ga taron sai ta ce wallahi akwai abin da likita ya faɗa da ake ɓoye mata. Da ƙyar muka lallashe ta. Junaid na son yin bayani, baki ya ƙi. Odar Hotoro kuma ba ta fita ba.

A hanyar dawowa kowa na ta shewa. Rifkatu na gefen taga, fuskarta ba annuri, ta riƙe jakarta a cinya da hannu biyu.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ba ta zo da safe ba. Gurbinta a kalanda wayam.

Juma'a, 27 ga Yuni

Bari in rubuta wannan a tsanake.

Da safe Alhaji ya ba ta takardar gargaɗi. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta dawo ta ci gaba da aiki. Na yi zaton zan ji sanyi a raina. Ban ji ba.

Da aka tashi hadari ya haɗo. Muka shiga adaidaita ɗaya, kafin mu kai Gyadi-Gyadi ruwa ya tsuge, titi ya zama kogi. Na ce ta sauka gidana ta jira ya tsagaita, Hotoro inda take zaune ba nan kusa ba. Na ba ta zane ta canza, na ɗora shayi. Tana ɗaura zanen ne na gani. Ita ma ta san na gani.

Ta ce ƙarshen wata mai kamawa za ta ajiye aiki, ta riga ta gaya wa mijinta Emmanuel. Na ce saboda takarda ɗaya? Ta girgiza kai. Awo take zuwa. Likita ya ce sai ana dubata duk mako, don sau biyu tana yin ɓari kafin ta zo ofishinmu. Na farkon, da murna ta gaya wa kowa. Matan zumunta na cocinsu suka zo da waƙa, abokan aikinta na da suka zo da kaya. Da abin ya faru, su ɗin dai suka dawo jaje, suka zauna a kujerun da suka zauna ranar murna. Na biyun ma haka.

"Safiyyah, ba mugunta suke yi ba, ƙauna ce," in ji ta. "Amma ba zan iya sake ganin fuskokin nan sun shigo min ɗaki sau biyu ba. Gara in rasa aikin."

Na ce to ai ciki ba ya ɓoyuwa, nan da wata biyu kowa zai gani. Ta ce gani daban. Mutanenmu in sun gani da ido kau da kai suke yi, ba mai ce miki komai sai kin sauka. Amma in an rubuta, an aika wa mutum a waya, dole ya zo, in bai zo ba ya zama marar zumunci. Ta ce batun rubuta ƙarya kuma, ba za ta yi ƙarya a kan wannan cikin ba, tsoro take ji.

Gaskiya ta faɗa, na kuma san haka tun ina yarinya. Yayata har ta haihu ba wanda ya ambaci cikinta a gidanmu. Ban san yadda aka yi na manta ba da na zauna gaban kwamfuta.

Kunya ta kama ni. Na ƙara mata sukari a shayi ba tare da na tambaye ta ba, ta sha a haka. Da ruwa ya ɗauke na raka ta titi, na ce wa mai adaidaita ya bi a hankali, ya kauce wa ramuka. Ya ce Hajiya ai titin duk rami ne.

Asabar, 28 ga Yuni

Wanki, kitso, gidan Inna. Duk inda na juya zancen na raina. Abdulmalik ya tambaya, na ce aikin ofis ne. Ba nawa ba ne da zan faɗa.

Litinin, 30 ga Yuni

Na koma kan koriyar nan da na raina. Ashe a ƙarƙashin "ba ya nan" ana iya ƙara gurbi ɗaya na dole. Na zauna ina tunanin me ya kamata a sa. Me ya fi ƙona min rai a Alhamis ɗin nan? Ba rashin sanin inda ta je ba ne, in na faɗi gaskiya. Wayar ce da ke ta ƙara ba wanda ya ce min "riƙe min". Sai na sa wa gurbin suna: mai riƙe aiki. Ba ka fita sai wani ya yarda ya sa sunansa.

Na nuna wa Rifkatu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa zai yarda ya riƙe mata duk mako? Na ce ta matsa min in wuce, tana tare min fanka.

Talata, 1 ga Yuli

Na shiga wurin Alhaji da rahotona. Shi mutum ne da in ya furta magana ba ya son a dawo masa da ita.

Na fara da abin da zai ji: koriya na buɗewa a ƙaramar waya, tana hana a yi wa mota alƙawari biyu, tana nuna watan Musulunci. Shuɗiya kuma ta kwashe masa rabin ofis zuwa Darmanawa saboda haƙori ɗaya. Nan ya yi murmushi, ya ce ai shi ma saura kaɗan ya bi bayanmu.

Da na zo kan maganar dalili sai murmushin ya tafi. Ya ce to ta yaya zai gane mai uzuri da mai yawo? Na ce mai yawo ba zai daɗe yana samun mai riƙe masa ba, mu da muke ɗaki ɗaya mun san juna fiye da kalanda.

Ya cire tabarau. "Safiyyah, ba ke kika kawo min ƙarar Rifkatu ba?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Na janye."

"Kin san inda take zuwa kenan."

"Na sani. Ba zan iya faɗa ba. Amma duk Alhamis aikinta na wuyana, in oda ɗaya ta kwana, ni za ka ba takarda."

Ya daɗe yana juya biro. Ya ce zai yi tunani. Na fito.

Laraba, 2 ga Yuli

Shiru. Ya wuce ni a baranda, gaisuwa kawai. Gobe Alhamis, in ta fita ba dalili ta maimaita kenan. Ta ce za ta je ko me zai faru. Ban ci abincin rana ba.

Alhamis, 3 ga Yuli

Da sassafe saƙon Alhaji ya shigo: a sa koriyar, gwaji zuwa ƙarshen shekara. Ba ko sannu.

Na sa sunana a ƙarƙashin na Rifkatu kafin in ajiye jaka. Wayar teburinta ta wuni tana ƙara, mai shagon Daurawan nan mai surutu ya riƙe ni har kunnena ya yi zafi. Da ta dawo na nuna mata saƙon. Ta zauna, ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na motsi. Na ce ta bari, kada ta jiƙa min takardun oda. Ni ma dai sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

Talata, 22 ga Yuli

Koriya na da nata halin. Jiya ta maimaita taron ma'aikata a ranar Lahadi, sai da na bi na goge. Junaid ya ce ya fi son shuɗiya, ko ba komai ta samo masa kankana.

Alhamis, 21 ga Agusta

Yanzu kam cikin Rifkatu ya fito, ko makaho ya shafa zai gane. Ba wanda ya ce komai. Sai dai kujerarta ta canza, an kawo mai taushi daga ɗakin taro, ban san wa ya kawo ba. Direba ya daina ajiye mata kwalaye a ƙasa. Alhaji da kansa ya ce wai hawa bene ɓata lokaci ne, ta riƙa turo masa rahoto ta waya.

Da ta dawo daga awo ta tura ƙofa, ta kamo hannuna ta ɗora a cikinta. Na ji motsi, sau ɗaya, ƙarami. Na ce Allah Ya raba lafiya. Ta ce amin. Muka koma kan aiki.

Litinin, 25 ga Agusta

Ba wai na canza ba ne. Har yanzu ina ganin mutanen ofishin nan sun cika son fita, kuma wanda ya sake rubuta min "zagayawa" zai ji daga gare ni.

Yau da safe na buɗe kalanda kamar kullum. Junaid ba ya nan gobe, direba ya riƙe masa. Laraba mai gadi, Juma'a wata daga sashen talla. Ba dalili ko ɗaya. Hannuna har ya kai kan waya zan kira Junaid in ji ina za shi, sai na ajiye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa Allah Ya sa lafiya, Allah Ya sa lafiya, a hankali don kada Rifkatu ta ji ta yi min dariya.

Ina jin ta ji.