Zauna Ka Ga Bazara, Torben

Ya kai Torben, hasken safiyata, ɗumin tafina ranar da yatsu ke daskarewa, jagoran baƙi kuma ɓarawon hankalin matuƙiyarsu,

Takarda na ɗauka domin duk abin da na faɗa maka ta rediyon jirgi, kunne goma ke saurare.

Kullum ni ke ɗaukar ka da baƙinka a helikwafta in ajiye ku a ƙololuwar duwatsun Selkirk, in tashi in bar ku durƙushe cikin guguwar farfelata. Daga sama nake kallon sawun wasan zamiyarku a kan dusar ƙanƙara. Na baƙi kamar kaza ta yi tono. Naka kuwa, wayyo ni! Yana malala yana lanƙwasa, ba gaggawa ba gargada, ko cikin sawu ɗari sai na tsinto shi.

Ka tuna safiyar da dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba? Gord, abokin tuƙina, ya karɓi jirgi ya ce, "Sauka, Marnie, yau ke ma ki ɗanɗana abin da kike kai mutane." Dusa har ƙirji, laushi kamar garin da aka tankaɗe! Kai da ke daka wa attajirai tsawa, "Duk wanda ya wuce gabana, a masauki zai yini!", sai ga shi ka gwada gangaren, ka gamsu, ka matsa gefe ka ce, "Wuce, ke za ki buɗe." Jagora ya ba da gaba! Har yau Gord rantsuwa yake bai taɓa ganin haka ba. Na sulale ina ihu, ƙanƙara na cika mini baki, juyi kaɗan na yi na nutse da ka. Ka tono ni kana dariya, gemunka fari fat, ka ce, "Matuƙiya, wannan saukar dai ba ta yi ba." A cikin ramin nan na san na kamu.

Yanzu rana ta fara lasar duwatsu, kai kuma ka fara ɗaure jaka. Ƙasar Chile kuma za ka? Shekara da shekaru kana bin hunturu daga wannan gefen duniya zuwa wancan, wane laifi bazara ta yi maka? Ka san abin da ke kwance ƙarƙashin gangarenmu? Furanni ja da shuɗi, rafi mai surutu, 'ya'yan itacen da beyar, ƙaton naman dajin nan, ke cika ciki da su. Ina ganinsu idan na wuce da gugan ruwa zuwa gobarar daji. Ni kaina ba ka taɓa ganina ba sai cikin riga uku da hular sanyi. Ina da wuya, Torben! Ina da gwiwoyi! Ina da doguwar riga ruwan ɗorawa da ban sami wanda zan sa wa ba.

Zauna, masoyina. Bazara ɗaya tak nake roƙo. In ka tafi zan yi kuka, zan zage ka a gaban Gord, kuma Disamba ka tarar da ni inda ka bar ni. Amma wata bakwai ba muryarka, ina zan kai zuciyata?

Ranar Asabar ni zan sauko da ku garin Revelstoke, tashin ƙarshe na bana. Motar zuwa filin jirgi za ta tsaya a hagu, tsohuwar akori-kurata a dama. Na share kujerar gaba, na kori karena zuwa baya, har yau ko kallona ba ya yi. Don Allah kada ka sa ya yi fushin banza.

Taka, a kan ƙanƙara da kan ciyawa, har ranar da gashina zai yi fari ba da dusa ba,

Marnie