Maganin Ɓera Ƙunshi Uku

Zuwa ga Dakta Mahadi, sanyin idona, ruwan farkon damina, masarata mai goyo biyu, sarkin kiwon ɓeraye!

Bayan gaisuwa, yaya mutanen naka na cikin keji? Kai, sun more! Shekara biyu ke nan da ka bar duba marasa lafiya a Malumfashi ka tafi jami'a koyon binciken ƙwaƙwalwa, kana lallashin ɓera ya tuna hanyar da ya bi jiya. Wa ya kai farin ɓeran nan sa'a, wanda ka ce kana auna nauyinsa safe da yamma? Ni wa ya auna ni? Na rame kamar karan dawa, ba wanda ya rubuta a takarda.

Ka tuna ranar da na kawo Baba asibiti, ya tuɓe takalmi a ƙofar ofishinka don ladabi, ya fito ya rasa inda ya ajiye? Ka ba shi naka, ka rako mu bakin titi da safa. Tun ranar zuciyata ta bi ka. Yanzu kuma ka ce so wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa. Madalla da ilimi! To nawa sinadarin ya yi yawa, Likita, ya hana ni sakat.

Ga saƙo nan direba zai ba ka. Baba ya ji an ce ɓeraye ne suka hana ka dawowa, ya ce ba zai zauna suna wulaƙanta surukinsa ba. Ya je kasuwar Bakori ya sayo maka maganin ɓera mai ƙarfi. Na yi dariya har da hawaye. Mako na zagayowa ya sake sayowa. Jiya ya kawo na uku, yana murna wai dabara ce ta faɗo masa yanzu. Ban yi dariya ba.

Tsoro nake ji, Mahadi. Ya fara kirana da sunan marigayiya Inna. Ni kuwa so nake ya ba ka ni da bakinsa, yana sane da wadda yake bayarwa. Don Allah ka turo magabatanka kafin a cire masara. Bincikenka ka ci gaba da shi, ni da kaina zan riƙa ba ɓerayen abinci.

Zan jira ka ko shekara goma ce. Baba ne ban san ko zai iya ba.

Taka har ƙasa ta rufe mini ido,
Raudatu