Rabin Muryar Iya

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Faifan ajiya biyu ne a cikin kwamfutar. Ko ɗaya ya mutu, ɗayan na nan daram." Maganar ƙanena Mukhtar ke nan, ranar da na kai masa kaset-kaset ɗin Iya, mahaifiyarmu, shagonsa na haɗa bidiyon biki ya kwafe mini. Har da dukan ƙirji. Yau ɗaya ya mutu. Na ce ina ɗayan, ya ce yana nan. Na ce to kunna mini. Sai ya ɗaga kai yana kallon silin.

Duk muryar Iya tana ciki, waƙoƙin daka da na bandar kifi da na yi shekaru ina ɗauka a Guri kafin rasuwarta. Kaset-kaset ɗin na asali ambaliyar bara waccan ta jiƙe su a ɗakina. Ko ƙwalla ban yi ba lokacin. Na ce ai akwai na wurin Mukhtar.

Daram.

Talata, 8 ga Oktoba

Sai da na tsare shi a ƙofar shago ya faɗi gaskiya. Wai hanya biyu ake haɗa faifan. Ta farko, duk abin da aka rubuta a wannan ana rubuta irinsa a wancan, kamar mutum da madubi. Ita ya yi mini alkawari, ita kuma ya yi da farko. Ta biyu, ana yayyanka kowane abu ƙanana, guntu nan guntu can, sai aikin ya yi gudu don hannu biyu ne ke ɗauka. Bayan Babbar Sallah bukukuwa suka yi masa yawa, amare na ta kira, kwamfuta na jan ƙafa, sai ya juya ta zuwa ta biyun, ya mayar da kayana ciki. "Na ɗan lokaci ne, Yaya. Niyyata in mayar." Jiya aka kawo wuta da ƙarfi, faifai ɗaya ya yi ƙara ya yi shiru.

Na ce to ba ni rabin da ya tsira. Ya ce ba rabin waƙoƙin ba ne, rabin kowace waƙa ne, rabin kowane numfashi. Kamar a tsarge zane sili-sili a ƙona kowane na biyu.

Ya sayar da uwarmu don wata amarya ta ga rawarta da wuri. Haka na faɗa masa, a gaban mai keke-napep ɗin da ke jirana. Ban janye ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na karanta duk abin da wayata ta iya nemo mini a kan lamarin. Masanan ma sun ce ko haɗin madubin ba ajiya ba ne, tunda a akwati ɗaya suke, a ɗaki ɗaya. Ashe abin da Baba ya sani ne tun ban iya ɗaura zane ba: gero a tudu, shinkafa a fadama. In kogi ya yi fushi tudu ya ciyar da mu, in sama ta ƙi fadama ta rufa asiri. Mukhtar, ɗan Baba Badaru na Guri, wanda ya tashi yana kai abinci gona biyu, shi ne ya zuba irinmu kaf a bakin ruwa.

A aji yau ina koya wa 'yan mata waƙar baka, na ce musu ita ba ta mutuwa muddin akwai mai rerawa. Suka rubuta. Ni kuwa na ji kamar in fita.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mukhtar ya aika mataccen faifan Kano wurin wani abokinsa, Abdulganiyyu, mai buɗe irinsu. Wai sai an sami wani faifai irinsa an ciro allurarsa mai karanta abin da ke ciki an dasa. In cikin bai karce ba. In.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ya aiko matarsa da farfesun tarwaɗa. Na karɓa don ita ba ta yi mini komai ba. Na ba maƙwabta.

Laraba, 16 ga Oktoba

Akwai waƙar da Iya ke yi in tana juya kifi a kan banda. "Kogi ka ci shinkafa, ka bar mini murya." Daga nan fa? Tun safe nake nema. Ina wanke-wanke ina nema, ina kan keke-napep ina nema, har mai keken ya waiwayo ya ce, "Hajiya, magana kike?" Baitin farko kawai ke zuwa, sai ya tsaya kamar jaki a bakin gada.

Na tuna a tsakiyar kaset ɗin ta katse ta ce, "Saude, kashe wannan abin naki, hayaƙi na shiga mini ido kina ta miƙo mini ƙarfe a baki." Sai dariya. Dariyar nake so. Waƙa ko a bakin wata a samu. Dariyar fa?

Ni ma da na riƙa kunnawa da na haddace. Na ajiye na ce sai na yi ritaya in zauna in rubuta su. Wannan ba zan faɗa wa kowa ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na je shagon bayan la'asar, da niyyar in kwashe faifan mai rai in bar masa kwamfutarsa. Na tarar ya rufe ƙofa rabi, babu bidiyon kowa a allo. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Na wuce kai tsaye wurin faifan. Ina naɗe faifan a ɗankwali, ban san bakina na motsi ba, ashe baitin nan nake ta maimaitawa.

Sai na ji daga bayana, da wannan muryar tasa mai kama da ta kwaɗon fadama: "In ka bar mini murya, gobe na kira wani iri."

Na juyo. Ya ce lokacin da yake kwafewa ba ya iya barin kaset na tafiya shi kaɗai, zama yake ya saurara. Wannan kaset ɗin kuwa bai san sau nawa ya mayar da shi ba. "A ƙarshensa tana kirana, Yaya. Ta ce auta zo ka ɗebo ruwa." Bai ƙarasa ba ya kifa kai a tebur.

Ban taɓa shi ba. Na ce, "Baiti na uku fa?" Ya ce bai riƙe ba.

Na manta shi ma uwarsa ce. A'a, ban manta ba. Ban so in tuna ba ne.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Abdulganiyyu ya kira. Ya sami allurar, amma ya ce kada mu ɗora rai. Na ce masa na ba shi zuwa Juma'a mai zuwa. Ya farfaɗo ko bai farfaɗo ba, a dawo mini da faifan, in haɗa shi da ɗan'uwansa a ɗankwali ɗaya in sa a ƙasan adaka. Na gaji da jiran waya.

Asabar da safe zan tafi Guri. Inna 'Yar'azumi, yayar Iya, tana nan da ranta, ido ya tafi amma baki ras, kuma tare suka yi banda tun suna 'yan mata. Ba muryar Iya ba ce. Na sani. Zan ɗauki duk abin da ta tuna, in bar kwafi ɗaya a Guri, ɗaya a gidana, ɗaya in tura Kano wurin 'yata Adila. Tudu, fadama, da wani tudun. Sannan in zauna in haddace, ni da 'yan ajina, ko sun so ko sun ƙi.

Ruwa bai gama janyewa daga hanya ba, mota sai a hankali. Mukhtar ne zai kai ni a mashin.

Ba yafewa na yi ba. Baiti na biyu ne a wurinsa.