Gonar Gindin Dutse Ba ta Sayarwa Ba Ce

Ni Joel Dodo, tsohon soja, mazaunin Zuru, da hannuna nake rubuta wannan. Ƙafafu sun ƙi, numfashi ya fara gajarta, amma kaina garau yake, kada wani ya ce tsufa ne ke magana. Zuwa gare ku 'ya'yana, Francis, Margaret da autana Prosper.

Na ɗaya. Gonarmu ta gindin dutse, ta hanyar Ribah, taku ce ku uku, kuma ba ta sayarwa ba ce. Ba ga masu haƙar zinariya ba, ba ga kowa ba.

Kun san abin da muka sha a kanta. Masu zinariya suka yi ta wanke dutsensu a saman rafi, ruwan yana gangarowa ta wurinmu. Sai wasu masu bincike suka zo suka ɗebi ƙasa, suka ce akwai gubar da ake kira arsenik, suka kafa allo a bakin gona. Daga ranar dawarmu ta zama abin gudu a kasuwa. Matan da marigayiya Saloma uwarku ta yi wa goyo suna kauce wa buhunmu. Su kuwa waɗanda suka ɓata ruwan, ba kunya ba tsoron Allah, suka aiko wai za su taimake ni su saye gonar. Na ji baƙin cikin da ban ji ba ko a fagen daga.

Ke Margaret, da karatunki na ilimin ƙasa, kika ce jimillar gubar kawai suka auna, ba su tambayi wace iri ce ba. Kika bayyana mini cewa akwai wadda ta manne da jar ƙasa, tana zaune wuri ɗaya, dawa ba ta jan ta sai abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma wadda ke sakuwa idan ruwa ya kwanta ya hana ƙasa shan iska, ita ce shinkafa ke zuƙa. Kika auna kowace daban, tudu daban, kwari daban. Tudun gaba ɗaya ya fita lafiya, ƙasarsa da hatsinsa. Waɗanda suka kafa allon suka duba aikinki, suka dawo suka cire shi da hannunsu. Ranar na sa tsohuwar hular sojata na zagaya kasuwar Zuru ba tare da ina da abin saye ba!

Na biyu. Tudu na noma ne, Francis da Prosper ku raba aikinsa. Kwarin nan kuwa da ruwa ke kwanciya, na hana shuka shinkafa a cikinsa har sai Margaret ta ce ya gyaru. Ku dasa itatuwa. Prosper, na san kwaɗayinka da shinkafa, je ka saya a Sakaba.

Na uku, kuma wannan ya fi yi mini nauyi. Francis da Margaret, gabar nan ta ishe ni. Ga yadda abin ya faru, don jikokina su ji daidai. Margaret ta ce wa yayanta ya aika mata taɓon kwari ɗakin gwaji. Shi kuwa Francis ya ga laka jagab, ya baza ta a tabarma ya shanya kamar yadda muke yi wa barkono da kuɓewa, ya daka ta lukui, ya ƙulla tsaf. Wa zai aika wa ƙanwarsa ƙazanta? Ashe iska da rana suna mayar da mugun irin gubar nan ya koma mai zama wuri ɗaya. Gwaji ya ce kwari lafiya lau, Francis ya zuba shinkafa. Da Margaret ta zo ta ji labarin shanya, ta shiga kwarin da kanta, ta cika kwalabe da ɗanyar laka, ta toshe, ta jera su cikin kula mai ƙanƙara, ta hau babur ta kai ɗakin gwaji. Sakamako ya juye. Aka tumɓuke shinkafar tana gab da fitar da kai.

Francis, na ga hawayenka ranar, guminka ne. Amma 'ya'yanka ne za su ci shinkafar nan. Margaret, gaskiyarki, sai dai bakinki irin nawa ne, kin yi wa yayanki tsawa gaban matarsa, kuma ba ki taɓa gaya masa kada ya shanya ba. Ki je ki ba shi haƙuri, kai kuma ka karɓa. Ba bayan na tafi ba, wannan Lahadin.

Na huɗu. Duk damina, idan ruwa ya kwanta, a sake auna kwarin. Francis ne zai ɗebo lakar, ɗanya, yanzu ya fi kowa sanin yadda ake yi.

Na biyar. Ranar jana'izata kada ku sayo ko tiya ɗaya ta hatsi. Ku buɗe rumbuna, ku tuƙa tuwo da dawar gonar nan, ku dama kunu. Ku gayyaci unguwa duka, har da waɗanda suka guje mu, kada ku yi wa kowa gori. Ku ukun ku zauna kan tabarma ɗaya ku fara sa hannu a tuwon, jikokina a gefenku, kowa yana gani.

Ubangiji ya sa muku albarka, ya tsare ku, ya ba ku damina mai kyau. Ku riƙe juna, ku riƙe ƙasar nan. An ce mini ta mutu, ga shi zan riga ta, kuma ina tafiya da murna.

Mahaifinku,
Joel Dodo