Mai Jan Hankici

Litinin, 2 ga Disamba, 1996
Sanyi har cikin ƙashi. Kanar Shubin, shugaban makarantar sojan nan tamu, ya ce a bikin sabuwar shekarar bana kowane ɗalibi da mahaifiyarsa zai buɗe rawa. Wanda ya kasa a gwaji kuwa, bakin ƙofa, ya yi ta karɓar rigunan sanyin baƙi. Na ce to. Ni koyar da rawa aka ɗauke ni, ba shawara ba.

Alhamis, 5 ga Disamba
Kamar kullum, ba mata a wurin koyo, sai in ɗaura wa gajerun jan hankici a damtse, su ne matan. Ba na riƙe sunayensu. Yara ne masu aski iri ɗaya, su zo su wuce.

Talata, 10 ga Disamba
Ƙaramin nan mai manyan kunnuwa ya tsare ni a bakin matakala. "Raisa Lvovna, don Allah a cire mini hankicin." Wai kakarsa ce za ta zo daga ƙauye, ita ta raine shi, ba uwa. Ashe tun ajin farko shi ne mace. Na cire.
Kai! Abin ba kyau. Kiɗa na tashi sai ya ja da baya irin takun mata, hannunsa ya nufi kafaɗar abokin rawa. Dogon nan Lapshin ya ce, "Amarya, yau ke ce ango?" Zaure ya ɗauki dariya. Ban tsawata ba.

Litinin, 16 ga Disamba
Har yanzu da baya. Ƙafa ba ta jin magana.

Juma'a, 20 ga Disamba
Gwaji gaban Kanar. Yaron ya taka daidai sau ɗaya, sai ya koma gidan jiya. Kanar ya ce, "Wancan, ƙofa."
Na ce, "Ranka ya daɗe, takalminsa ne sabo." Ƙarya ce, ban san me ya kai ni ba. Ya ce in ya ba mu kunya, ni zan amsa.

Asabar, 28 ga Disamba
Jiya aka yi. Zaure sai ƙamshin lemo da man takalmi, yara fes da farar safar hannu. Kakar ta zo. Nyura sunanta, tsohuwa ce mai faɗin kafaɗa, da ɗankwali mai fure.
Ya rusuna ya miƙa hannu kamar yadda na koyar. Kiɗa ya tashi, ya ja da baya.
Tsohuwa ko a jikinta. Ta cafke ƙugunsa da hannun dama, ta taka gaba. Suka tafi, sumul, suka zaga zauren nan ba tuntuɓe. Wallahi ba wanda ya kai su. Lapshin kuwa ya take wa uwarsa gefen riga.
Wurin shayi na ce, "Kaka, ina kika koyi takun maza?"
Ta ce, "'Yata, bayan yaƙi wane namiji ya rage a ƙauyenmu? Mu da mu muke rawa. Ni ce doguwa, ni ce namijin. Har na tsufa ban iya na mata ba." Wai duk hanya a jirgi tana fargabar kunyata jikanta. Ta kama hannuna, wai na gode da kika shirya mini shi.
Na sha shayina. Kanar kuwa, wataƙila bai lura ba.

Litinin, 13 ga Janairu, 1997
An dawo hutu. Hankicin yau a damtsen dogaye yake, Lapshin na gaba. Za a riƙa juyawa duk mako, don ya fi sauƙin aiki, ba don komai ba.
Yefim Zotov. Sunan mai manyan kunnuwan ke nan.